Asusunmu Ya Biya Ƙwaya, Ya Ƙi Biyan Gashi

Ina roƙon Edita ya yi haƙuri da tsawon wannan takarda tawa, domin maganar ta daɗe tana cin raina, kuma ban ga inda zan sauke ta ba sai a wannan fili namu na Hausa.

Ni haifaffen New Bell ne a nan Duwala, unguwar da ta zama masaukin baƙi tun zamanin Jamus, inda kakanninmu suka yada zango da fatauci har suka bar mu. Tsadar haya da cunkoso suka kore ni da iyalina zuwa Ndogpassi, can kan hanyar fita Edeya da Yawunde, amma Juma'a da suna da jana'iza duk a New Bell muke yi. Sana'ata ɗinki. Da yake na taɓa makarantar Faransanci har na iya riƙe biro, sai dattawa suka ɗora mini littafin ƙungiyarmu ta taimakon juna, wato ni ne magatakarda.

Ƙungiyar ba wata babba ba ce, mu arba'in ne da 'yan kai. Ban da adashi, kowa yana zuba sefa 2,000 a wata cikin wani asusu na daban saboda rashin lafiya, irin wanda maƙwabtanmu Bamileke suke kira kes-sekur a tarukansu. Iyayenmu suka kafa shi a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa ta koma rabi, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo, mutum ya je farmasi da takardar likita ya dawo da ita a aljihu. A shafin farko na littafin suka rubuta abu huɗu da asusu zai biya: kwanciya asibiti, aikin tiyata, haihuwa, da rasuwa. Daga baya aka ƙara na biyar, wato rasit na farmasi idan yana tare da takardar likita. Shekara da shekaru ina karanta wannan shafi kamar wanda ya haddace, ban taɓa ganin aibinsa ba, sai da abin ya faɗo a kan ƙanena.

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan benskin ne, wato abin da mutanen Kano ke ce wa ɗan acaɓa. Duk wanda ya san Duwala ya san cewa tun rikicin 1991, lokacin da aka riƙa rufe gari ana hana motoci fita, babur ya zama ƙafar talaka, kuma da yawa daga cikin samarinmu da shi suke ci da iyali. Babur ɗin ba nasa ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi sefa 3,000 kafin ya san abin da ya rage masa. A watan Agusta na 2022, cikin ruwan saman nan na Duwala da ba ya ɗaukewa, ya ɗauko buhuna daga kasuwa, ya faɗa wani rami da ruwa ya rufe, shi da babur da kaya suka yi ƙasa. Aka kai shi asibiti, aka yi masa hoton ƙashi, wanda a nan muke ce wa radiyo. Likita ya ce Allah ya kiyaye, babu karaya, amma bayan ya bugu, jijiya ta matsu, shi ya sa ciwon ke sauka har ƙafar hagu. Ya rubuta masa farasitamol, da dikulofenak na mako guda, da taramadol mai lamba 50 na 'yan kwanaki kawai. A ƙasan takardar kuma ya rubuta zama goma a wajen masu gashin ƙashi, wanda a nan kowa ya sani da kine.

Rasit na farmasi na biya shi a ranar, ban ko tambayi ma'aji sau biyu ba. Bayan kwana uku ya zo shagona yana ɗingishi, ya miƙo mini ɗaya takardar.

"Yaya, ga ta kine. Sun ce kowane zama sefa 5,000."

Na buɗe littafi, alhali na san abin da ke ciki. Na ce masa, "Wannan ba ya cikin biyar ɗin nan. Ba kwanciya ba ce, ba tiyata ba ce, ba farmasi ba ce. Ai tausa ce. Tausa kuwa ko yara sai su taka maka baya."

Ya ce, "Yaya, likita ne fa ya rubuta."

Na ce, "In na biya maka, gobe a ce magatakarda ya buɗe wa ɗan ɗakinsu ƙofar da ba a buɗe wa kowa ba. Ka yi haƙuri."

Bai ƙara cewa komai ba. Ya naɗe takardarsa ya tafi. Ni kuwa a ranar har daɗi na ji a raina, wai na riƙe amana, ban nuna son kai ba. Kuma ko daga aljihuna ban ba shi ba, domin lokacin kuɗin makarantar yara ne, kuma a gaskiya ban ɗauki abin da muhimmanci ba.

Ya je zama biyu da kuɗinsa. Kowane zama, ban da sefa 5,000, yana cinye masa rabin yini, ga mai babur yana jiran nasa. Sai ya daina. Ya je wurin wanzami aka yi masa ƙaho, ya ji sauƙi kwana biyu, ciwo ya dawo. Daga nan abokan sana'a suka nuna masa hanyar da su suke bi. A tashar babura ba a neman taramol, shi ke neman mutum. Ana samunsa a faranti, a jaka, har a cikin kofin gahawa na safe, kuma kuɗin ƙwaya ɗaya bai kai na shayi da burodi ba. Likita ya rubuta masa mai 50, na bakin titi kuwa akwai mai 120, da mai 200, da mai 225, alhali likitoci sun ce iyakar abin da babban mutum zai sha a yini bai wuce 400 ba. Mai 225 guda biyu kawai sun tsallake wannan iyaka.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, a watannin nan har yabonsa nake yi. Yana fita kafin asuba, ba ya dawowa sai bayan isha'i, ɗingishi ya ragu, kuɗi na shigowa. Ina ce wa matata, "Kin gani, da na biye masa da an zubar da dubu hamsin a banza." Na ga ya rame, na ce wahala ce. Na ga ba ya cin abinci, na ce zafin gari ne. Ya zama mai saurin fushi, yana yawan susa, gumi na keto masa ko da safe, duk ban fahimta ba. Matarsa ta zo ta gaya wa tawa cewa in bai sha wani abu ba ba ya iya tashi daga shimfiɗa, jikinsa rawa yake yi kamar mai zazzaɓi. Na ce maganar mata ce.

A watan Maris na 2023, da rana tsaka, kusa da mahaɗar Ndokoti, farfaɗiya ta buge shi a kan babur. Allah ya taimaka ya riga ya sauke fasinja, kuma babbar motar da ke bayansa ta taka birki. Ya karya ƙashin wuya, wato allon da ke tsakanin wuya da kafaɗa, ya tauna harshensa. A zuriyarmu babu mai farfaɗiya. Likitar da ta duba shi, wata mace, ta ce wannan sananne ne a wurinsu, taramadol in ya yi yawa yana kawo ta. Da ta ga tsohuwar takardarsa sai ta dube ni ta ce, "Malam, an rubuta masa kine goma, me ya hana shi gamawa?" Na ce babu kuɗi. Ban ce mata kuɗin yana hannuna a cikin akwati ba.

Kwana shida ya yi a gado. Da gado, da hoto, da allurai, da ɗaurin kafaɗa, kuɗi ya haura sefa 180,000. Asusu ya biya kasonsa babu gardama, domin kwanciya asibiti ita ce ta ɗaya a shafin farko. Da biron da na hana shi dubu hamsin, da shi na rubuta wannan.

Tun daga ranar na fara bin diddigin wata tambaya: a ƙasar nan wa ke biya wa talaka maganin ciwon jiki wanda ba ƙwaya ba? Abin da na gano shi ne laifin littafinmu ba namu ne mu kaɗai ba. Ƙanena yana yawo da takardar inshora, ko asirans kamar yadda ake faɗa a nan, domin doka ta wajabta wa duk mai abin hawa, kuma 'yan sanda suna tambaya. Amma wannan takarda ta wanda ka buge ce, ba ta direba ba. Bayan mai tuƙi ba ya ciki. Hukumar CNPS tana ɗaukar nauyin ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, amma sai wanda maigidansa ya yi masa rajista, ɗan benskin da mai nama da tela ba su san wannan gata ba. A 2014 an buɗe wa masu sana'ar kansu ƙofar shiga hukumar bisa raɗin kansu, sai dai wannan ta fanshon tsufa ce, ba ta jinya ba. Shi ya sa a lissafin hukumomin lafiya, kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Kamaru daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa.

Wata guda bayan faɗuwar ƙanena, ranar 12 ga Afrilu, 2023, Ministan Lafiya Manaouda Malachie ya ƙaddamar da kashin farko na shirin kula da lafiyar kowa da kowa, wanda ake kira CSU, a garin Mandjou kusa da Bertoua. Ba zan raina shirin ba, domin abin da aka sanar a ciki alheri ne: duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 da maganin zazzaɓin cizon sauronsu, kula da mai ciki har ta haihu a kan sefa 6,000, maganin tarin fuka da na ƙanjamau, da wankin ƙoda a kan sefa 15,000 a shekara, abin da a da yake tsiyata gida guda. Amma ciwon baya da gwiwa da kafaɗa na majiya ƙarfi, masu dako da masu babur da mata masu ɗaukar kaya a kasuwa, babu shi a jerin da aka karanta a lokacin. Na san dattijo guda a unguwarmu da ya shekara da shekaru yana haɗiyar dikulofenak safe da yamma saboda gwiwa, ba tare da likita ba, har ƙodarsa ta gaza. Yanzu ana yi masa wanki da rangwame, mun gode Allah. Sai dai in na gan shi nakan tuna cewa babu wanda ya taɓa biya masa zama ɗaya a wajen mai gashi lokacin da ƙodar tana lafiya.

Har masu inshorar ofis ma ba su tsira duka ba. Wani maƙwabcina a Ndogpassi, ma'aikacin wani kamfani a tashar jiragen ruwa, ya nuna mini katinsa. In ya je farmasi, nan take ake cire masa mafi yawan kuɗin. In kuwa kine ne, sai ya kai takarda ofishin masu inshora, ya jira su amince, su ƙayyade masa zama, wani lokaci ya biya da kansa ya jira a mayar masa. Ya ce mini, "Malam, mai ciwo ba ya jiran sa hannu. Abin da ya fi kusa shi yake ɗauka."

Maganar Amurka kuwa ta shigo ne ta hannun ɗan wani abokina da ke aikin jinya a can. Da ya ji labarin ƙanena sai ya aiko mini da saƙon murya ta WhatsApp, ya ce, "Baba, ramin da kuka faɗa, mu nan da kuɗinmu da manyan asibitocinmu mun riga ku faɗawa." Daga baya na bi abin na tabbatar. Tun da aka fito da wata ƙwaya mai suna OxyContin a 1996, likitocinsu suka riƙa rubuta magunguna dangin ofiyam kamar ana rabon goro, kamfanonin inshora kuma suna biya da sauri domin suna da araha, alhali gashi da motsa jiki sai an sha wahala kafin a biya. Mutane suka kamu, wanda aka yanke wa ta likita ya koma ta titi. A 2021, da kuma 2022, mutum fiye da 100,000 suka mutu kowace shekara a Amurka saboda shan ƙwaya fiye da kima, mafi yawansu ta dangin ofiyam.

Abin da ya ja hankalina shi ne, da suka farka ba su tsaya ga wa'azi da kame kaɗai ba, sai suka koma kan littafin biya, irin nawa. A 2016 jihar Oregon ta fara biya wa masu ƙaramin ƙarfi da ke cikin shirin lafiyarta gashi, da gyaran baya da hannu, da maganin tsira allurai na mutanen Sin, saboda ciwon baya. A watan Janairu na 2020 shirin Medicare, wanda ke kula da tsofaffi, ya amince da biyan tsira allurai ga mai daɗaɗɗen ciwon baya, zama 12 cikin kwana 90, in an ga sauƙi a ƙara 8. Sa'an nan a ƙarshen 2022 aka sa hannu a wata doka da suke kira NOPAIN, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2025. Dalilinta ya yi kama da namu ƙwarai. A da, in an yi wa mutum ƙaramar tiyata, dunƙulallen kuɗi ɗaya ake ba asibiti, komai da komai a ciki. To, asibiti in ya yi amfani da maganin kashe zafi mai tsada wanda ba ya kama mutum, daga ribarsa zai fita. In ya ba da ƙwayar ofiyam mai araha, riba ta tsaya. Kowa ya san abin da zai zaɓa. Dokar ta ce a ware kuɗin irin waɗancan magunguna a biya su daban. Ba ta hana likita rubuta ofiyam ba, ta dai cire hannun kuɗi daga kan sikeli.

Kada mai karatu ya ce wannan sha'anin Turawa ne. Danginmu na zangon Kumasi sun san cewa inshorar lafiya ta ƙasar Gana, wadda aka kafa da dokar 2003, ta sa gashin ƙashi cikin abin da take biya wa wanda ke zuwa asibiti daga gida. Ita kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, a watan Disamba na 2023, ta fitar da jagora kan daɗaɗɗen ciwon baya, ciwon baya gaba ɗaya kuwa an ƙiyasta ya kama mutum miliyan 619 a duniya a 2020. Abin da ta sa a gaba shi ne koya wa majinyaci yadda zai kula da kansa, da motsa jiki bisa tsari, da tausa, da gyaran baya da hannu. Dangin ofiyam kuwa ta ce kada a yi amfani da su ga wannan ciwo. Ashe abin da na kira "tausa kawai" a shagona shi ne maganin, abin da na biya da gudu kuma shi ne na 'yan kwanaki.

A nan dole in yi wata 'yar tsayawa, don kada a fahimce ni a baibai. Ban ce dangin ofiyam haramtattu ne ko marasa amfani ba. Gwaggona ta rasu da ciwon daji, na ga daren da take kuka ana neman morfin ba a samu ba. Wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na morfin da ake rabawa a duniya. Wato mu a nan muna tsakanin wuta biyu: mai ciwon daji a gado bai samu ba, saurayi mai ciwon baya a kan babur ya samu fiye da kima. Haka kuma kamun da ake yi bai rufe ramin ba. Indiya ta tsaurara dokar taramadol a 2018, sai wasu ƙwayoyi masu wani suna suka maye gurbinsa a kasuwannin Afirka ta Yamma, har sashen BBC mai bincike ya fallasa wasu daga cikinsu a watan Fabrairu na 2025. Muddin ciwon yana nan kuma babu mai biyan maganinsa na gaskiya, mai faranti ba zai rasa ciniki ba.

Na kai maganar gaban taronmu sau biyu ana ɗagewa. Sai a farkon 2025 aka ba ni fili sosai, bayan la'asar, a zauren Alhaji shugabanmu a New Bell. Na fara da faɗin laifina, domin kowa ya san ƙanena, amma ba kowa ya san ni na mayar da takardarsa ba. Sa'an nan na nemi a ƙara abu na shida a shafin farko.

Ma'ajinmu, wanda ya girme ni kuma ya fi ni sanin lissafi, shi ya fara tashi. Ya ce, "Malam magatakarda, ka dubi zauren nan. Wane ne a cikinmu da ya haura hamsin bayansa ba ya ciwo? Kwanciya asibiti tana zuwa wa mutum biyu ko uku a shekara. Ciwon baya kuwa yana kan kowa. In ka buɗe wannan ƙofa, kafin Sallah akwati ya zama fanko, ranar da wata za ta haihu da tiyata mu rasa abin ba ta." Maganarsa gaskiya ce, ban iya musa ta ba, kuma na lura su ma Amurkawa da dukiyarsu ƙayyade zama suka yi. Wani ya ce rasit na tausa kowa zai iya rubutawa a bayan kanti. Wani ya ce shi matarsa ba za ta kwanta namiji ya taɓa ta ba, aka ce masa akwai mata masu wannan aiki, a nema. Liman ya yi mana bayani cewa asusunmu ba caca ba ne, domin abin da kowa ya zuba kyauta ce ta taimakon juna, irin tsarin da ake kira takaful, saboda haka 'yan ƙungiya suna da ikon ƙara abin da suka ga maslaha a ciki, amma kada a yi alkawarin da akwati ba zai iya ɗauka ba.

Can sai wanzaminmu, wanda ya yi mana aski tun muna yara, ya gyara murya ya ce, "To ni fa, Alhaji? Ƙaho ba ƙwaya ba ne. In za a biya na masu farar riga, a biya nawa." Aka yi dariya, amma shi ba wasa yake yi ba, maɗori ma yana gefe yana gyaɗa kai.

Har aka kira magariba ba a gama ba. A zama na gaba aka tsaya a kan haka: asusu zai biya kashi biyu bisa uku na kuɗin gashi, zama shida a shekara ga mutum ɗaya, in likita ya rubuta kuma wurin yana da hatimi, in mai gashi ya rubuto cewa ana samun sauƙi, a ƙara huɗu. Za a kai kuɗin wurin kai tsaye, ba a hannun majinyaci ba, kuma ba sai an jira taron wata ba, sa hannun magatakarda da ma'aji ya isa, a cikin kwana biyu. Wannan na kwana biyu ni na nace a kansa, saboda maganar maƙwabcina. Taramadol kuwa da danginsa, asusu zai biya na kwana bakwai kawai, sai fa ga wanda aka yi wa tiyata ko mai ciwon daji, su babu iyaka sai abin da likita ya ce. Aka ƙara sefa 500 a kan kuɗin wata. Mutum uku suka fita daga ƙungiya saboda ƙarin, ɗaya daga cikinsu har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

A shekarar farko mutum bakwai suka nema. Biyar sun gama zamansu, biyu sun tsaya a hanya saboda nisa da asarar yini, domin daga Ndogpassi zuwa inda ake yi, in cunkoso ya kama, sai mutum ya kashe safiyarsa a hanya, kuma a kan babur ɗin da ke ƙara jijjiga bayan. Wannan asusu ba shi da maganinsa. Akwati ya ragu, kamar yadda ma'aji ya faɗa, amma bai ƙare ba, kuma kowane wata yakan dube ni ta saman tabarau kafin ya karanta lissafi.

Ƙanena shi ne na farko da aka rubuta a sabon shafi, shekara biyu da rabi bayan likita ya ba shi takarda. Rabuwarsa da ƙwaya ba ta zo da sauƙi ba. An riƙa rage masa sannu a hankali a ƙarƙashin likita, domin yankewa lokaci ɗaya tana da nata haɗari, kuma sau ɗaya ya koma, muka sake farawa. Ya bar babur, yanzu yana tsaron shagon wani ɗan uwanmu a Kasuwar Kwango, abin da yake samu bai kai na da ba. Kowace safiya bayan salla yakan shimfiɗa tabarma ya yi motsin da aka koya masa, yaransa suna kwaikwayonsa suna dariya. In damina ta kankama bayan yana tashi, ranar sai ya sha farasitamol ya sa ruwan ɗumi. Bai taɓa tayar mini da maganar ranar da ya zo shagona ba, ni ne na tayar, ya ce, "Yaya, ai littafi ka bi."

Maganar wanzami da maɗori kuwa an ɗage ta zuwa taron bayan Babbar Salla. Ma'aji ya ce ba zai biya abin da ba shi da rasit ba, wanzami ya ce shi zai sayi littafin rasit ya sa jikansa ya riƙa rubuta masa. Duk wata ƙungiya a Duwala ko Yawunde ko Garwa da ta riga mu warware wannan, ina roƙo ta aiko da yadda ta yi ta hannun Edita kafin lokacin.